Koren gonar Baba a cikin bokiti

"Hajiya, wannan ganyen ai ya mutu," in ji Malam Lawal mai zare, yana jujjuya shi a hannu.

Raina ya ɓaci! Da safe na tsinko shi a jikin gero a gonar marigayi Baba da ke Wagini, kore shar, amma kafin mashin ya kawo ni kasuwar Batsari ya yi yaushi. Hoton gonar nake ɗinkawa da zare, don yayyena sun sayar da ita, daga wannan daminar ba tamu ba ce.

Ya miƙo mini wani kore mai ƙyalli. Na ce, "Malam, gero nake ɗinkawa, ba lemun kwalba ba."

Ya yi dariya, ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wata na'ura ce kamar biro, ka ɗora bakinta a kan ganye, ta kwashe launinsa ta adana. Jama'a, tsalle ne kawai ban yi ba!

"A ina ake sayar da ita?"

"Ai ba a ƙera ta ba tukuna, Hajiya, tunaninta ake yi."

"To su yi ta tunani, damina ba za ta jira su ba."

Yau na koma masa da gero guda, da saiwarsa da ƙasarsa, a cikin bokiti. 'Yan kasuwa sun sha kallo, amma na samu zarena.

Ku fa, wane launi kuke so ku kama kafin ya kuɓuce muku?