Inna da Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, ko ana ruwa ko ana rana, da makullai ɗaure a bakin mayafinta. Ta buɗe ɗakin gwajin kemistiri, ta tura tagogi duka don warin jiya ya fita, ta bi famfunan gas ɗaya bayan ɗaya tana murzawa, ko da yake ita ce ta rufe su da hannunta jiya da yamma. Sannan ta zura farar rigar aikinta wadda asid ya huda a wuri uku, ta tsaya gaban wurin wanke kwalabe. A takardar aiki an rubuta mata mai kula da ɗakin gwaji. Amma ɗalibai da malamai, har shugaban makaranta da ya girme ta, Inna suke ce mata. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makullan.

Ranar rabon kyaututtuka ana kiran malamin da ɗalibansa suka yi fice, a yi masa tafi har hannu ya yi zafi. Ba a taɓa kiran Inna ba. Ita ma ba ta zuwa, don ranar ce kaɗai ɗakin yake zama babu kowa, ta samu ta goge saman kabad. Karatunta bai wuce aji biyu na sakandare ba, in ka nuna mata lissafin da ke kan allo dariya za ta yi ta ce wannan sai masu shi. Abin da ta sani, da hannu da ido ta san shi.

Tana da doka ɗaya da kowane sabon malami sai ya yi ƙorafi a kanta: ɗalibi ba ya wanke kwalbarsa. Kowane wurin tsayuwa a teburin gwaji yana da lamba, kowace kwalba tana da tata, in an gama sai a ajiye ta yadda take, da ruwan da ke ciki. Yara kuwa abin nema ya samu. Malamai suna cewa tana sangarta su, ita kuma ta ce, "Su wanke in sake wankewa? Malam, a bar mini kayana." Gaskiyar maganar ita ce, kafin ta zubar, sai ta ɗaga kowace kwalba ta kalle ta a hasken taga.

A ajin ƙarshe akwai gwajin da duk ɗalibin kemistiri dole ya iya shi. Za a zuba ruwan sinadari a kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga masa ruwan launi ya zama rawaya. Sai a riƙa sako asid daga wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya juya ruwan goro. Nan take a rufe famfo a karanta lamba. In ɗigo ya yi yawa, ruwa ya koma ja, lissafi ya lalace. Don haka Inna tana iya gaya maka wanda ya natsu da wanda hankalinsa yake wajen taga, ba tare da ta buɗe littafin kowa ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, kwalba ta goma sha bakwai ta fara damunta. Mako huɗu a jere tana dawowa ja wur. Mai ita wani yaro ne siriri, ɗan tela, wanda malamin kemistiri ya laƙaba wa Sarkin Gaggawa, sunan kuwa ya bi shi har filin ƙwallo. A takarda ba ya faɗuwa, a gwaji ba ya ci. Malamin, wanda yake fama da yara sittin da biyu shi kaɗai, ya yanke hukunci: ranar Juma'a za a tura sunayen masu rubuta kemistiri a jarrabawar fita, kuma duk wanda bai kawo sakamako uku masu kama da juna ba, za a cire sunansa. In an cire, shi ke nan, shekara uku na ajin kimiyya sun tafi a banza.

Abin da ya hana Inna yarda da sunan shi ne, ta san yadda kwalbar mai gaggawa take. Za ka ga ruwa ya fallatsa a gefe, teburin a jiƙe, yau ja, gobe rawaya. Ta goma sha bakwai kuwa tsaf take zuwa, ko ɗigo babu a waje, kuma jan nan iri ɗaya ne kullum. Ranar Talata ta tsaya daga baya tana goge abin da ba ya bukatar gogewa, tana kallonsa. Shi ne na ƙarshen rufe famfo a ajin. Fuskarsa kusan a jikin kwalba, gumi yana bin wuyansa.

Da aka tashi ta ce, "Ɗan nan, zo ka kama mini wani abu."

Ta ajiye kwalba biyu a kan farin faranti, ɗaya rawaya, ɗaya ruwan goro. "Miƙo mini wadda ta juya."

Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya kalli fuskarta ko zai samu amsa a can. Ya miƙa hannu, ya janye.

"Inna, ai duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne a wurinka?"

Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Jira nake ya yi duhu. In ya yi duhu sai in rufe. Wallahi ba sauri nake ba, Inna."

"Na sani. Tun yaushe?"

"Tun ina yaro. A shago ma Baba ya daina aikena sayen zare, ya ce ba na sa hankali."

Tausayi ya kama ta, har ta juya ta buɗe famfon ruwa don kada ya ga idonta. Yaron nan shekara goma sha bakwai yana shan faɗa a kan abin da idonsa bai taɓa nuna masa ba, kuma shi kansa ya yarda laifinsa ne.

Washegari ta samu malamin a ofis. Bai ji daɗi ba, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba, babu mai digirin da yake son mai wanke kwalba ta gyara masa hukunci. Ya ce, "Inna, yaran nan sun fi ki wayo. Ya ga Juma'a ta matso ne."

Ta ce, "Ƙila haka ne, Malam. Amma zo ka gani da idonka, naka ai lafiya lau yake."

A can ƙarshen kabad, bayan kwalaben da babu mai taɓawa, akwai wata 'yar kwalba mai baƙin murfi. Wani tsohon malami ya taɓa aiki da ita lokacin Inna tana sabuwa. Ba ta iya karanta dogon sunan da ke jiki, amma ba ta manta ba cewa aikinta ɗaya da ruwan launin da ake amfani da shi, sai dai ita daga shuɗi take juyawa zuwa rawaya. Malamin ya karanta sunan, ya buɗe littafi, ya daɗe a kan shafi ɗaya, ya rufe. Aka kira yaron.

Ɗigo yana ta sauka. Sai yaron ya rufe famfo da ƙarfi har bututun ya girgiza. "Ya juya! Malam, na gani, ya juya!" Ya sake, ya kuma sakewa. Lambobi uku suka fito kusan kai ɗaya. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce wa yaron, "Ka yafe mini." Ya juya wajen Inna zai yi mata magana. Ta ce, "Malam, matsa kaɗan, ka taka mini tsumma."

Sunan ya shiga ranar Juma'a, amma da sauran aiki, domin a jarrabawar fita ba a canza ruwan launi sai da izinin masu jarrabawa, izini kuma sai da takardar likitan ido. Uban yaron ya ce shi bai ga ciwon da ba ya zafi ba. Inna ta je gidan da kanta bayan an tashi. Uwar tana jin bayani ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ai ƙanena ma haka yake. Kawun nasa har yau matarsa ke zaɓa masa hula, mu kuwa muna ta yi masa dariya." Su biyun suka kai yaron asibiti, suka yi zaman layi, suka dawo da takarda. Daga nan Inna ta mayar da ƙofar shugaban makaranta wurin gaisuwar safe. Kullum sai ta leƙa ta ce, "Ranka ya daɗe, an kwana lafiya? Ya wasiƙar ɗan nan?" Har ya gaji ya rubuta wa masu jarrabawa, har amsa ta zo saura kwana tara a yi jarrabawar.

Ranar jarrabawa ta jera kayan kowa, ta ajiye 'yar kwalbar mai baƙin murfi a wuri na goma sha bakwai, sannan aka fitar da Inna daga ɗakin kamar yadda doka ta ce. Awa biyu tana zaune a barandar, ita da ba ta iya zama. Da aka buɗe ƙofa ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce ta ɗaga kwalba ta goma sha bakwai a hasken taga. Shuɗin ya tafi, rawayar ba ta gama nuna ba, daidai gaɓar da ake so. Yau yaron magidanci ne, yana aikin gwada ruwan sha a wata ma'aikata, kuma da bakinsa ya ba da labarin nan.

Tun daga shekarar, duk sabon aji da ya shigo, Inna sai ta kira su ɗaya-ɗaya ta nuna musu kwalba biyu a kan farin faranti. Babu wanda ya sa ta. Ta sake samun yara biyar. Biyu daga cikinsu sun riga sun fara tunanin barin ajin.

Inna, ke ce kika ɗauki aikin da ake ganin ƙaramin aiki kika yi shi da dukan hankalinki. Ke ce kika ji kunyar malami amma kunyar ba ta hana ki ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Uwar ɗakin gwaji, mun gode. Yaran nan shida sun gode, iyayensu sun gode, da mu da muka wuce ta gabanki shekara da shekaru muna ajiye miki datti ba mu ko ce sannu ba, muna neman afuwa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idon nan lafiya.

Wanda zai karɓi makullan, da malamai, da iyayen da ke shago da gida, ga abin da ta bari a yi koyi da shi, kuma ba ya bukatar digiri. Duk ajin da ya cika, da wuya a rasa yaron da yake tsaye da gumi a wuya yana jiran abin da ba zai gani ba. Kafin a laƙaba masa suna, a ja shi gefe a tambaye shi me yake gani.