Nana Mai Rimot Ta Hau Sama

A Dukawuya in ka ce kana neman Nana Aisha, sai an tambaye ka wacce daga ciki. In ka ce Nana mai rimot, kowa zai nuna maka lungun. Gajeriyar mace ce kakkaura, ta haura hamsin, kullum da tsohuwar jakar makaranta a kafaɗa cike da waya da filaya da batiran rimot. Mijinta Malam Hashim shi ne mai ɗaura wa mutanen cikin gari dish, kuma tun zamanin da ake kafa eriya a kan doguwar gora yake wannan aiki.

Ba da niyya ta shiga sana'ar ba. Yawancin gidajen cikin gari ba a shiga. Malam Hashim zai jingina tsani ta waje ya hau rufi, ya yi ta juya dish, amma talabijin tana can ɗakin uwargida, maigida kuma yana kasuwa. In ya ɗaga murya ya tambaya me ya fito, sai a ce masa, “Wani rubutu ne dai.” Wata rana ya gaji ya ce wa matarsa ta ajiye ɗinkin hular da take yi ta biyo shi. Ya nuna mata layin da ke tsawo in hoto ya kusa zuwa, da lambar da ke gefensa. Ta zauna a ɗakin mutane tana faɗa masa lambar da ƙarfi, shi yana sama yana juyawa. Daga ranar suka zama su biyu, shi a sama ita a ciki. A hankali ta koyi jan waya a bango da jera tashoshi, ta san gidan da ake son wa'azi a farko da gidan da ake son a ɓoye tashar waƙa can ƙarshe. Da aka fara sa akwatin wayfai na intanet a gidaje, shi ma ta koya. Sama da shekara ashirin suna haka, ba ta taɓa taka tsani ba.

Da damina ta bara jiri ya ɗebi Malam Hashim yana saukowa. Allah ya kiyaye, ya kusa ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne, likita ya hana shi hawa ko da kan kujera. Suka yi watanni ba aiki. Muttaka, wanda ya koyi sana'ar a hannunsa har ya buɗe shago nasa, ya zo dubiya ya ce Malam ya huta kawai, duk wanda ya zo nema a tura masa. Nana Aisha kuwa ta san in aka fara turawa, aikin ya bar gidansu ke nan, mijinta kuma zai ƙare a kan tabarmar zaure yana kallon masu wucewa.

Ni a wannan tsakanin na san ta. Bayan bikina na tare a Goron Dutse, a saman benen da surukina Alhaji Gidaɗo ya ɗora a kan tsohon gidansu. Mijina Mustafa a Katsina yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Gidan ya yi kyau, sai dai dutsen ya tare mu, waya ba ta samun sabis sai na tsaya a jikin tagar kicin. Ga shi ina karatun digiri na biyu, rabin darussan ta intanet ake yi. Mustafa ya sayo akwatin wayfai mai eriyar da ake kafawa a kan rufi, ya sayo dish, Alhaji kuma ya ce a ja masa waya ɗaya zuwa ɗakinsa na ƙasa ya riƙa ganin sallar Harami. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba namijin da zai shigo masa gida ɗansa ba ya nan. Ya aika a kira Hashim da matarsa, bai san ciwon ya kai haka ba.

Suka zo ran Talata da hantsi, bayan Alhaji ya fita kasuwa. Malam Hashim ya zauna a dakalin ƙofar gida da sandarsa, dish da dogon tsani a jingine kusa da shi. Ya roƙi Muttaka ya zo ya hau masa, shi kuma ya ce zai zo. Nana Aisha ta hawo wurina tana haki.

“Amarya, wa ya ce ku yi gida a sama kamar tantabaru?”

Na yi murmushi na gaishe ta, na kawo ruwa. Ba ta jira na ce komai ba, ta shiga aiki. Ta bi gefen bango da waya tana buga ƙananan ƙusoshi, ta bi da ita ta bayan labule yadda ba za ta ɓata jere ba. Tana yi tana ba ni labarin gidajen da ta shiga, ba ta kama sunan kowa. Ni ina miƙa mata ƙusa. Kafin azahar ta gama nata, ta haɗa risiba da talabijin, ta ajiye akwatin wayfai a kan kantar falo. Saura na sama, Muttaka bai zo ba.

Bayan sallah na sauka da abinci zan miƙa zaure, sai na ji Malam Hashim yana waya. Na tsaya bayan ƙofa. Da ya kashe, ya ce wa matarsa, “Wai yana wani babban aiki a Nasarawa. Sai jibi. Ko kuma in bar masa gaba ɗaya ya zo da mutanensa.”

“Me ka ce masa?”

“Me zan ce? Haɗa kayanki mu tafi. In Alhaji ya dawo a ba shi haƙuri a ba shi lambar Muttaka.”

Sai ta ce, “Malam, akwai tsanin ƙarfe a barandar yarinyar nan, wanda ake hawa duba tanki. Na gan shi.”

“Na ce miki likita ya hana.”

“Ba kai ba.”

“Nana, kina da hankali kuwa? Da girmanki? Gobe a ce Hashim ya zauna a dakali ya tura matarsa kan rufi?”

“Jibi kuma a ce Hashim ya daina aiki. Zaɓi wanda za a ce.”

“In kika faɗo fa?”

“Ina yarinya ni ke hawa soron kakata shanya kuɓewa.”

“Lokacin kina kamar tsinke.”

“To yanzu iska ba za ta ɗauke ni ba.”

Bai ce ya yarda ba. Amma da ta ɗauki jakarsa ta kayan aiki bai hana ba, sai ma ya ce sifana mai jan tef a gindi ita ce daidai da notin.

Ta roƙe ni aron wandon Mustafa na motsa jiki ta sa a ƙarƙashin zani, ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu. A gindin tsanin ta tsaya tana addu'a, ta fi tsawon yadda na zata. Ina riƙe da ƙarfen duk da a jikin bango yake a kafe, don ban san me zan yi da hannuna ba.

A cikin gari, kafin namiji ya hau rufi sai ya yi shela, domin daga sama ana hango tsakar gidajen maƙwabta, mata kuma suna harkokinsu ba lulluɓi. Malam Hashim ya saba, bakinsa ya riga tunaninsa. Tana sa ƙafa a matakin farko muka ji muryarsa daga lungu: “Za a hau sama! Masu gida a kimtsa, za a hau sama!”

Ta baranda na ga matan gidan da ke bayanmu sun watse, mai wanki ta bar bahonta, mai tankaɗe ta shige ɗaki da rariya a hannu. Can sai tsohuwar gidan, Hajiya Husaina, ta leƙo ta kare ido da tafin hannu.

“La ilaha illallahu! Nana, ke ce? Ku fito, ku fito, ba kowa ba ne, Nana ce!”

“Ni ce ba kowa ba, Hajiya?”

“Me kike nema a can? Ko Hashim ne ya kore ki kika rasa wurin yaji?”

“Na zo ganin abin da kuke dafawa ne ba ku aiko mana.”

Matan suka fito suna dariya. Ba wadda ta koma aikinta.

Ta jefa igiya lungu, Malam Hashim ya ɗaure dish ta ja shi sama. Ta ɗaure sandar dish ɗin a jikin rodin da magina suka bari don ƙarin bene, yadda ya yi mata bayani. Sannan ta kira ni. Aikinta na ɗaki ya zama nawa, in zauna gaban talabijin in riƙa faɗin lambar da ke gefen layin.

Na ce, “Sifili.”

“Me?”

“Sifili, Umma.”

“Amarya, ba da angonki kike hira ba! Buɗe murya!”

Ni ko a aji ba na iya ɗaga murya, ga injin markaɗe yana ruri a lungu. Hajiya Husaina ce ta cece ni. Tagar falona tana kallon tsakar gidanta, sai ta ja kujera ta zauna daidai ƙasa. In na faɗa, ita ta ɗaga: “Ta ce sifili! Har yanzu ba ki yi komai ba!”

Aka daɗe a sifili. Malam Hashim daga lungu ba ya hango ta, sai umarni yake aikowa sama. Ta fuskanci gabas, ta karkata dama, ta nemi dogon ƙarfen sabis da ke can nesa. Ta ce dogayen ƙarafa sun fi biyar, wanne? Ya ce mai ja da fari. Ta ce duk masu ja da fari ne. Ya ce shi ya san za a yi haka, ta sauko tun mutuncinsu bai gama zubewa ba. Masu wucewa sun fara tsayawa, na ji wani yana tambayarsa da wa yake magana.

Can sai na ji Nana Aisha ta ce, muryarta ta sauya, “Malam, ga aikinka nan reras a kan rufin mutane. Har Dukawuya ina hangowa. Duk wuri guda suke kallo.”

Malam Hashim ya ce, “To bi su. Ki daidaita da na gidan Hajiya, ni na ɗaura shi. Kuma a hankali, kamar kina gyara wa jariri kwanciya.”

Layin ya motsa. Na ce goma sha biyu, Hajiya ta ɗaga. Ya koma sifili. Ya dawo talatin, ya wuce arba'in, ban san lokacin da na miƙe na kama ƙarfen taga na ce “Sittin da takwas!” da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba. Hajiya ta ce, “Wannan kam ta ji da kanta.” Hoto ya fito, mutane suna ɗawafi. Da ta zo ɗaure noti hannunta ya ture dish ɗin, komai ya ɗauke, aka sake sabon lale. A karo na biyu ya zauna. Eriyar wayfai ba ta ba ta wahala ba, tana kafa ta wayata ta shiga ƙara a kan kujera, saƙonnin da suka maƙale suna shigowa.

Saukowar ta fi hawan wuya. Da ƙafarta ta taɓa baranda sai ta zauna a ƙasa, fuskarta sharkaf da gumi. Ta sha ruwa kofi biyu. Ta ce, “Ashe haka nake barin bawan Allahn nan a rana, ni ina ƙarƙashin fankar mutane ina ce masa ƙara kaɗan.”

Da la'asar Alhaji Gidaɗo ya dawo. Na raka ta ƙasa da jakar, na tsaya inda na tsaya ɗazu. Suka gaisa da Malam Hashim, Alhaji ya dubi sandar, ya dubi dogon tsanin da ke jingine inda aka ajiye shi tun safe.

“An gama?”

“An gama, Alhaji.”

“Wa ya hau?”

Malam Hashim ya gyara hularsa. Ya dubi ƙasa, ya ɗago. “Nana ce.”

Alhaji ya dubi Nana Aisha, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyara hijabi. Ya ce, “Ikon Allah.” Ya ƙara cewa, “Ikon Allah.” Sannan ya tambaya ko Makka ta fito a ɗakinsa, aka ce ta fito, ya sa musu albarka ya shige.

Suna shirin tafiya surukar Hajiya Husaina ta zagayo da lulluɓinta. Ta durƙusa ta gaida Malam Hashim, ta ce Hajiya ta ce nasu ma tun iskar damina rabin tashoshin suka ɗauke, mazan gidan kuma ba sa zama. Ko Nana za ta zo gobe ta hau ta duba?

Nana Aisha ta dubi mijinta. Ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali, ya karkaɗe bayan rigarsa.

“Ba gobe ba,” ya ce. “Gobe cinyoyinta ba za su taku ba, na san wannan. Ki ce wa Hajiya jibi da sassafe, kafin kwano ya yi zafi. Kuma a samo wadda ta iya karanta lamba ta zauna a ɗaki.”