Dokta Ishaya Yamusa da Sawun Dutsen Sama

Haihuwa da Karatu

An haifi Dokta Ishaya Yamusa a shekarar 1957 a garin Zonkwa. Mahaifinsa Yamusa malamin coci ne, mahaifiyarsa Janet kuwa ungozoma. Bayan ya kammala digiri a Zariya, ya tafi Indiya a 1983, inda ya ƙware a karanta sawun da ƙwayoyin sararin samaniya ke bari cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama da waɗanda aka ɗebo daga duniyar wata. Akan yanki dutsen, a goge shi, a jiƙa shi cikin sinadari har sawun ya bayyana, sannan a ƙirga a madubin ƙara girma, a san daɗewar dutsen a sararin samaniya.

Aiki da Iyali

Ya dawo a 1991, ya auri Monica, suka zauna a unguwar Lugbe da ke Abuja. Wata ma'aikata a Abuja ta ba shi kujera da fanka, amma ba ta ba shi ɗakin bincike ba. Burinsa ɗaya ne tak: ya karanta sawun dutsen da ya faɗo a ƙasarsa kafin idonsa, wanda hawan jinin ido ya fara ci, ya mutu.

Dutsen Tungan Maje

A 2014 dutse ya faɗo a gonar wani manomi mai suna Ɗangoggo, bayan Tungan Maje. Kafin labari ya iso Lugbe, manomin ya ɗauke shi gatarin aradu, ya yi ta gasa shi a wuta yana tsomawa cikin ruwa, jama'a na sha don magani. Zafin wuta kuwa shafe sawun yake yi. Duk da haka Dokta Ishaya ya karɓi gutsuren dutsen, ya sarrafa shi a ɗakin ajiyar gidansa, ya duba, bai ga komai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san ko wutar ce ta shafe sawun, ko idonsa ne ya gaza ba, kuma bai samu wanda ya iya dubawar ba balle ya raba masa gardama.

Rasuwa

Ya makance a 2017, ya rasu a watan Yulin 2021 da wannan shakkar a ransa. An binne shi a maƙabartar Gudu. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Bernard, Serah da Clara. Idonsu lafiya lau, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya koya wa aikin.