Da Hannuna Na Rubuta Wasana

Ranar da na fara zuwa gasar ces, wasan nan na Turawa mai kama da dara, ko soja ɗaya na kan allo ban taɓa ba na fito. Ba korata aka yi ba, wannan ina so a sani. Ni na tashi da ƙafata.

A zauren wata makaranta aka yi ta, kusa da Jabi. Tebura a jere, kowanne da allon wasa da agogo mai fuska biyu, kowane ɗan wasa da takarda da biro a gefen hannunsa. Na haura arba'in a lokacin, na ɗaura zanina na zuwa coci. Alƙalin wasa ya miƙo mini takarda, ya ce duk tafiyar da na yi da wadda abokin wasana ya yi sai na rubuta, haka dokar gasa take. Na ce masa ban iya rubutu ba. Ban rage murya ba, don ba sata na yi ba. Mutumin kirki ne, ya ce ba komai, za a zaunar da wani kusa da ni ya riƙa rubuta mini, a ɗan rage mini lokaci a agogo.

Saura kaɗan in yarda, sai Darakta ya sa baki. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya amma muƙamin bai sake shi ba, kuma shi ne gwanin da ba a ci a cikin masu wasa a bakin tafki.

"A kawo mata tawada mana," in ji shi, "ta riƙa dangwala yatsa kamar ranar zaɓe."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma ta isa. Na tura takardar gabansa na ce, "Oga, ajiye tawadarka. Ran da zan zauna a teburin nan, da hannuna zan rubuta." Na ɗauki jakata na fita.

A Ushafa aka haife ni, gidan masu ginin tukwane. Akwai makaranta a garin, ƙannena maza sun je, ni yumɓu aka ba ni, ban kuma riƙe kowa a zuciya ba. Kafin in yi wayo na san ƙasar da za ta tashi tukunya da wadda za ta ci amanarka a wuta. Da na yi aure muka koma wajen Apo, inda maigidana ke gyaran jikin mota, mai buga ƙarfe ne tun safe har kunnensa ɗaya ya daina ji. Ni kuma na riƙa ɗauko tukwanen shuka furanni daga gida ina kasawa a bakin titi kusa da tafkin Jabi, inda masu manyan motoci ke tsayawa su saya wa farfajiyarsu.

Can na ga ces. Ranar Asabar, in maza sun gama zagaya tafki da gajeren wando, sai su zauna a ƙarƙashin wata bishiya bayan tukwanena su shimfiɗa allo. Wata biyu ina kallo ta wutsiyar ido kafin wani dattijo, tsohon malamin firamare da muke kira Baba Tica, ya ce in matso tunda wuyana zai karye. Shi ya nuna mini tafiyar kowa: sarki mai taku ɗaya-ɗaya, sarauniya mai zuwa inda ta ga dama, doki mai tsallake, bishop mai bin kwana, da sojoji da ba sa komawa baya. Wanda ke tsaye a kusurwa suna kiransa da Turanci, ni na ce ai wannan turmi ne. Har yau a gindin bishiyar nan turmi ake ce masa.

Akwai kuma wani littafin ces, maigida ne ya kawo mini shi. Wata mota ce da ta yi hatsari, mai ita ya watsar da ita a gareji har ciyawa ta fito ta cikinta. Da za a yanka ta a sayar wa 'yan gwangwan, ya buɗe but ɗin bayanta ya ga littafin, ruwa ya taɓa gefensa. Ya ajiye mini a kan tabarma ya ce ga hoton abin da ke hana ni dawowa gida da wuri. A bangon akwai wani Bature mai furfura ya dafe goshi. Na nuna wa Baba Tica sau ɗaya. Yanar ido ta riga ta kama shi, manyan baƙaƙen bango kawai ya iya gani. Ya ce mutumin giranmasta ne, wato matakin da babu na sama da shi a wasan, kuma in riƙe littafin da kyau. Na riƙe. Ban sake nuna wa kowa ba, don na ga yadda Darakta ke aron abu ba ya mayarwa.

Karatu ban iya ba, amma ido gare ni. Kusan kowane shafi akwai hoton allo, kuma mai littafin na farko ya bi hotunan da jan biro, ya ja kibiya daga wani gida zuwa wani. Na ce shi ke nan, ga tafiyar gwani an nuna mini. Na gina 'yan wasana da yumɓu, na ƙona rabi suka yi baƙi, na zana allo a bayan tire. In ciniki ya yi sanyi sai in jera su kamar yadda ke cikin hoto, in bi kibiya. Na ga gwani yana tura sarauniya can gefe ta cinye soja. Na ga yana tura sojojin da ke gaban sarkinsa. Na haddace, na mai da su hannuna. Ƙananan 'yan wasa na riƙa cin su, don ba na tsoro kuma ba na gajiya. Darakta kuwa kullum hanya ɗaya yake kashe ni: ya bar mini soja a gefe, in aika sarauniya, kafin ta dawo, gidana ya ƙone. Sai in ce a raina ban gama haddace littafin ba ne.

Litinin ɗin da ta biyo bayan maganar tawada na je ajin manya da ake yi da la'asar a wata firamare kusa da mu. Na gaya wa malamar ba dogon karatu ya kawo ni ba. Sunayen gidajen allo harafi takwas ne da lamba takwas, su nake so, sai sunana. Ta dube ni ta ce, "Mama, nan ba a sayar da karatu da mudu. Ki zauna." Na zauna a bencin yara, gwiwata na dukan tebur.

Maigida bai hana ni ba, amma bai bar ni na huta ba. Ya ce mace da jika a hanya ta koma aji ɗaya, me zai gaya wa mutanen gareji? Na ce ya gaya musu da kunnen da ba ya ji aka faɗa masa. Hannuna ne ya fi ba ni wahala. Hannun da ke jan bakin tulu ya fito daidai, sai ga shi ya kasa riƙe fensir, ina danna shi har takarda ta huje. Harafi takwas ɗin na samu cikin wata guda. Da na so, da gasar shekara mai zuwa na koma. Amma na riga na ga cewa tsutsotsin da ke ƙarƙashin hotunan littafina magana ce, kuma ni kaɗai ake ɓoye wa. Na yi Hausa, na shiga Turanci. Aka yi rusau a unguwarmu muka koma bayan gari, na rasa shekara guda, na nemi wani aji na ci gaba. Baba Tica ya koma garinsu wajen 'ya'yansa, ban sake ganinsa ba.

A shekara ta huɗu na karanta shafin farko, da yatsa, kwana uku ina kai. Mutumin ya ba da labarin kansa. Tun yana yaro yake wasa, ya yi yawon ƙasashe, ya kayar da manya, ya kai inda ake kaiwa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya zauna rubuta wa masu koyo littafi, ya kuma zaɓi ya sa wasannin da aka ci shi kawai. Kowane hoto wurin da ya yi kuskure ne. Jan biron nan da na bi shekara da shekaru, tafiyar da ta kashe shi ce.

Na yi jifa da littafin, ya bugi randa. Na zagi Baturen, na zagi mai jan biro, na zagi motar da ta kawo shi. Maigida ya leƙo ya tambaya ko lafiya, na ce masa shekara bakwai ina koyon faɗuwa wajen gwani, kuma na iya. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga baya na ɗauko littafin na goge shi. A gidanmu ba a zubar da tukunyar da ta fashe a wuta. Uwata dakawa take yi ta zuba garin cikin sabon yumɓu, ta ce shi ke hana ta gaba tsagewa. Ban yi zaton Bature ya san wannan ba. Na koma shafi na ɗaya, wannan karon ina karanta abin da ya ce ya kamata ya yi. Ya cika son dogon bayani, wani wurin kuma yana kare kansa fiye da kima, amma bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya a kan inda ya faɗi.

Sai da na kusa hamsin na koma gasar. Zaure ɗaya, alƙali ɗaya, ya yi furfura. Ya miƙo takarda yana shirin yin bayani, na karɓa na rubuta sunana a sama. Gasar ƙarama ce, ko ba daɗe sai an haɗa ni da Darakta, aka kuwa haɗa mu a zagaye na uku. Ya tsufa, amma bakin yana nan. Ya tambaya ko na zo da tawadata. Na ɗaga masa biro.

Muka fara. Kamar kullum ya bar mini soja a gefe, ya jingina da kujera. Na dube shi, na dubi sojan, na tsare ƙofar sarkina. Ya gyara zama. Bayan wasu 'yan tafiya na kama dokinsa a kusurwa ba mafita, daga nan turmina ya shiga gidansa. Mutane suka fara taruwa a bayanmu.

Sai ya lura da hannuna. Ina rubutu kamar mai sassaƙa, kowane harafi sai na kai shi ƙarshe. Ya daina tunani, da na taka sai ya taka nan take ya buga agogo, don in rubuta tawa da tasa duk a cikin lokacina. Dabara ce, doka ba ta hana ba, ni ma da na samu irinta da na yi. Agogona ya riƙa zuba kamar tulu mai huji.

Alƙali ya sunkuyo ya ce a hankali, "Mama, lokacinki bai kai minti biyar ba. Doka ta yarda ki ajiye biro yanzu."

Na san in na ajiye zan ci. Allon a buɗe yake, ko makaho ya gani. Na ce, "Ba doka na yi wa alkawari ba."

Na taka, na rubuta. Ya taka, na rubuta. Wani a bayana ya ce kai, matar nan. Ban juya ba. Ina tsakiyar rubuta tafiya ta arba'in da ɗaya 'yar jar tutar agogona ta faɗi, lokacina ya ƙare. Na ƙarasa harafin tukuna, sannan na miƙa wa Darakta hannu. Ya ci.

Alƙali ya karɓi takardunmu zai sa mu sa hannu, sai ya tsaya a kan ta Darakta. Garin sauri ya bar layi bakwai ba komai, shi kuwa lokacinsa da yawa, doka ba ta ɗauke masa ba. Alƙali ya ce sai ya cike kafin a karɓi sakamako, ya tura masa tawa ya kwafa. Darakta ya sa tabarau. Zauren ya yi tsit, ana jin biro yana tafiya. Ya tsaya a wani layi yana ƙanƙance ido.

Na ce, "Oga, ko in karanta maka?"

Ya matso da takardar kusa da ido. Ya gama, ya sa hannu, na sa nawa a ƙarƙashi, cikakke, ban gajarta ba.

Da na isa gida maigida yana wanke hannu da kananzir a ƙofa. Ya dubi fuskata ya ce an ci ni ke nan. Na ce an ci ni, ga shi a rubuce. Na roƙi alƙali ya bar mini kwafi, shi na shimfiɗa a kan tire, na jera 'yan yumɓuna na bi wasan tun daga farko. A tafiya ta goma sha tara na ga inda na ɓata minti goma ina tsoron abin da babu. Nan aka ci ni, ba a wajen rubutu ba. Na aiki kaina kanti na sayo jan biro, na ja wa wurin layi.