Ƙasar Sawun Yayana

Koci ne ya kira yayana gwaji a wata ƙungiyar ƙwallo a nan Daura, yana son ba shi lamba goma. Na kai masa ruwa filin. Da aka tashi, kocin ya ce mini a hankali, "Ƙanwata, ni horarwa ce tawa. Alhaji ke ɗauka."

Alhajin, mai ƙungiyar, ko wasan bai kalla ba. Ya sa yayana ya cire takalmi ya taka rairayi, sannan ya durƙusa ya kwashe ƙasar sawun a hankici, wai malaminsa na Mashi zai duba.

An ɗauke shi. Tun daga ranar, ko Inna na magana da shi, Alhaji na kira zai miƙe ya fita bai waiwayo ba. Ni dai har yau tsoron tambayarsa nake.