Babban Yatsan Malam Talle

Shin mutum zai iya biyan laifin da shi kansa bai tabbata ya aikata ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba, kuma Malam Talle na Ƙofar Kwaya ne ya jefa ni cikinta.

Kullum da hantsi yakan shigo Babbar Kasuwa a kan tsohon kekensa, ya bi layin 'yan tireda shago-shago. Ba saye ya kawo shi ba. Gwangwanin nama yake dubawa: ya danna murfin da babban yatsa, ya girgiza shi a kunne, ya bi bakinsa da farce ko tsatsa ta ci. Wanda ya kumbura sai ya ture shi gefe, ya ce wa mai shago, "Wanga ya mutu, a binne shi." Babu hukumar da ta ɗora masa wannan aiki.

Ɗan makiyaya ne. Yana saurayi ya tafi Kano, ya shekara tara yana yanka a wani kamfanin naman gwangwani, a zamanin da mutanenmu ke ƙyamar naman don ba su ga wanda ya yanka ba. Shi ne wanda ba su gani ba ɗin. Wata rana, cikin shanu fiye da ɗari, ya ɗaga wuƙa daga wuyan wata saniya, ya kasa tuna ko ya yi bisimilla. Kafin ya samu ƙarfin yin magana nama ya gauraye, an rufe gwangwanaye, motoci sun kwashe. Malamai uku ya tambaya, duk suka ce mantuwa ba ta haramta yanka. Ya yarda da su. Amma tun ranar bai sake kai naman gwangwani bakinsa ba, kuma da ya dawo Katsina sai ya ɗauki tsaron abin da wasu za su ci.

Ina wurin ranar da Hajiya Haulat mai abinci ta sayi katan biyu na naman gwangwani da araha, jajibirin sunan jikarta. Malam Talle ya roƙi arziki ta bari ya taɓa. Ya danna ɗaya, ya huda shi da ƙusa. Gwangwanin ya yi huci, wari ya kori masu tsayuwa.

"Malam Talle, gobe suna, na gayyato rabin unguwa," in ji ta. "Mi zan ba su, yatsanka?"

"Ki ba su wake, Hajiya. Za su yi da ke kwana biyu, amma kowa zai koma gida da ƙafafunshi."

Wake ta dafa, aka kuwa yi da ita. Ta shekara ba ta amsa gaisuwarsa.

Malam Talle, kai ne mai gadin da ba a san yana gadi ba. Wanda likita ya warkar yakan koma ya yi godiya. Waɗanda ka hana su kwanciya jinya ba su ma san sunanka ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya ƙara mana masu duba abin da ba a sa su ba, ko a kanti ne ko a ofis.

Juma'ar da ta wuce ya yi zagayensa na ƙarshe, don yatsan ya fara rawa. 'Yan tireda suka shimfiɗa masa tabarma. Sai ga Hajiya Haulat da kwanon taliya, nama a sama. Ya ja hannunsa baya, kamar yadda ya saba.

Ta ajiye masa gwangwanin da ta buɗe a gefen kwanon.

"Jiya kai ka danna wanga, ka ce lafiya lau. Shekara talatin muna ci bisa maganarka, Malam. In kai ba ka yarda da ita ba, mu mi muke ci?"

Ya ɗauki gwangwanin ya juya shi. Sannan ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda duk layin ya ji, ya kai loma.