Abin da Na Ɗauko daga Gozaki

Funtua

Ana sallame Asuba na nufi tasha. Na bi ta filin ƙwallon unguwarmu, inda nake koyar da yara tamaula da yamma, na toshe hanci. Shara ta cinye rabinsa. Da can ba ma damuwa, don kowace bazara Kawu Iliya, ƙanin mahaifiyata, kan turo tifa daga Gozaki a kwashe jujin a kai gona a matsayin taki, fili ya dawo fes. Shekara biyu ke nan shiru, wayarsa ma ba ta shiga. Mai unguwa kuwa ya ce in ruwa ya sauka ba a kwashe ba, za a bar wa shara wurin dungurungum.

Bakori zuwa Malumfashi

Bas ɗin da na shiga ta girme ni. A Bakori muka tsaya aka ɗora buhunan masara, a shingen jami'an tsaro kuma aka leƙa mu aka ce mu wuce. Gonakin gefen hanya duk baƙar leda ce ke kaɗawa a jikin kara.

"Malam, amfanin bana ke nan, ya yi kyau," in ji direba.

Ba wanda ya yi dariya. A Malumfashi na ci ƙosai a tsaye, na hau acaɓa.

Gozaki

Na tarar da Kawu a zaure bayan Azahar. Aka kawo fura, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya ja ni zuwa turken shanunsa a bayan gidan. Shanun huɗarsa biyu na sani, yanzu ɗaya ne a turke.

"Sabi'u, jujinku na da can toka ne da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Na yanzu leda ce zalla. Bajimina ya yi kiwo a gonar, ya daina cin abinci, ya rame har muka yanka shi."

Ya ɗauko wani dunƙulallen abu daga rumbu, baƙi, mai tauri, girman kan mutum.

"Mahauci ya ciro wannan a tumbinsa. Kai wa mutanen birni su gani."

"Kawu, ko tifa ɗaya ce, saboda yaran nan."

"Ku tsince ledar, ni da kaina zan zo."

Na tuna tsayin jujin, na san ko shekara muka yi ba mu gamawa. Wallahi kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na sa abin a jaka na yi sallama.

Gida

Na iso Funtua gab da Magariba, hadari ya haɗo daga gabas. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu da bai ɓoye mini gaskiya ba. Yaran suna wasa a ɗan abin da ya rage na filin. Suka hango jakata ta kumbura, suka sheƙo da gudu suna ihu:

"Koci ya sayo mana sabuwar ƙwallo!"